Yadda ake lissafin amfanin takarda da kason da ya zo hannu a haɗin sinadarai

Duk wanda ya taɓa haɗa sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje ya san wannan lokacin. An gama aiki, an tace, an busar, an kankare ɗan farin garin da ya fito an ɗora a kan sikeli, lamba ta tsaya a giram 1.95. Sai mutum ya tsaya yana kallonta, bai san ko murna zai yi ko damuwa ba. Idan abin da ya kamata a samu giram 2 ne, aiki ya yi kyau. Idan kuwa giram 6 ne, kashi biyu cikin uku sun salwanta a wani wuri, kuma dole a nemo wurin.

Lambobi uku ake buƙata. Ta farko ita ce abin da lissafi ya ce za a samu da a ce komai ya tafi daidai, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba. Zan riƙa kiranta amfanin takarda, domin a takarda kaɗai ake ganinta. Ta biyu ita ce abin da sikeli ya nuna, amfanin hannu ke nan. Ta uku ita ce kason amfani:

kason amfani = amfanin hannu ÷ amfanin takarda × 100

Wannan rabawar ba ta ba kowa wahala. Aikin duk yana wajen nemo amfanin takarda, kuma a can ne nake ganin ɗalibai suna tuntuɓe shekara da shekaru, kusan a wurare guda.

Me ya sa sai an bi ta mol

Sinadarai da ƙidaya suke haɗuwa. Atam biyu na magniziyam (atam shi ne mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari) suna kama molekul ɗaya na oksijin, wato atam biyu na oksijin a haɗe, ba ruwansu da wanda ya fi wani nauyi. Shi kuwa sikeli bai iya ƙirga ba, nauyi kawai ya sani. Mol shi ne tafinta a tsakaninsu. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, lambar da aka sa wa sunan masanin Italiya Amedeo Avogadro, wadda tun 2019 aka tsayar da ita cif a kan 6.02214076 × 10²³. Ba za ka yi aiki da wannan doguwar lamba a lissafinmu na yau ba. Abin da za ka riƙe shi ne nauyin mol, wato giram nawa ne mol ɗaya na abin da ke gabanka, kuma teburin sinadarai ne zai ba ka shi.

Hanyar kullum ɗaya ce: daga giram na kayan haɗi zuwa mol, daga mol na kayan haɗi zuwa mol na abin da ake nema, daga nan a koma giram. Wanda ya yi ƙoƙarin tsallakawa daga giram zuwa giram kai tsaye zai dace sau ɗaya, ya faɗi sau tara.

Matakin farko: daidaita ikweshan

Kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta ikweshan ɗin, wato layin da ke nuna kayan haɗi a hagu da abin da suke bayarwa a dama, ka ƙirga atam na kowane sinadari a hagu da dama. Dole su zo ɗaya. Wannan ita ce dokar da Antoine Lavoisier na Faransa ya kafa a littafinsa na 1789: a haɗin sinadarai babu abin da ke ɓacewa, babu abin da ke fitowa daga babu, sauya zama kawai ake yi.

Mu ɗauki ƙona magniziyam. Idan ka rubuta Mg + O₂ → MgO (Mg magniziyam ne, O oksijin, MgO kuwa farar tokar da ke fitowa), akwai oksijin biyu a hagu, ɗaya a dama. Gyaran shi ne:

2Mg + O₂ → 2MgO

Lambobin gaba kaɗai ake taɓawa. Ƙananan lambobin da ke ƙasan haruffa ba a sauya su, domin su ne sunan abin. H₂O ruwa ne, H₂O₂ kuwa wani sinadari ne daban da ke kashe ƙwayoyin cuta yana kuma cinye launi. Na sha ganin wanda ya mayar da MgO ya zama MgO₂ don ikweshan ya daidaita da sauri, sai duk lissafin da ya biyo baya ya zama na wani abin da babu shi a kaskonsa.

Mataki na biyu: nauyin mol

A tara nauyin atam ɗin da ke cikin kowane sinadari. Magniziyam 24.31, oksijin 16.00, saboda haka MgO ya zama giram 40.31 a kowane mol. Wurare biyu ne ake yawan zamewa. Iskar oksijin O₂ ce, nauyinta 32.00, haka naitirojin N₂ 28.02, haidirojin H₂ 2.016. Sai kuma abin da ke cikin baka: a Ca(OH)₂ lambar 2 ta shafi oksijin da haidirojin duka, don haka 40.08 na kalsiyam (Ca) + 2 × 17.008 na oksijin da haidirojin a haɗe, wato 74.10.

Gwaji na farko, daga farko har ƙarshe

Ka samu ɗan zirin magniziyam, ka goge shi da takardar yashi har ya yi ƙyalli, domin dusashewar da ke bayansa tuni ta riga ta haɗu da iska. Ka auna ɗan kaskon ƙonawa tare da murfinsa, a ce 21.350. Ka naɗe zirin ka saka, ka sake aunawa, 21.593. Bambancin, giram 0.243, shi ne magniziyam ɗinka. Ka ɗora a wuta. Idan ya kama, haskensa fari ne mai kashe ido, kada ka zuba masa ido. Lokaci-lokaci ka ɗaga murfin kaɗan da awartaki don iska ta shiga, ka mayar da sauri. Ka lura da ɗan farin hayaƙin da ke sulalewa duk sanda ka ɗaga: MgO ɗinka ne ke tafiya, kuma ba zai dawo kan sikeli ba.

Bayan ya huce ka auna, a ce 21.712. Cire nauyin kasko, saura giram 0.362. Amfanin hannu ke nan.

Yanzu na takarda. Mol na magniziyam: 0.243 ÷ 24.31 = 0.0100. Ikweshan ya ce 2Mg na ba da 2MgO, ɗaya bisa ɗaya, don haka mol na MgO shi ma 0.0100. A giram: 0.0100 × 40.31 = 0.403. Oksijin daga iska yake zuwa, ba ya ƙarewa, saboda haka magniziyam ne ke yanke hukunci.

kason amfani = 0.362 ÷ 0.403 × 100 = 89.8

Kashi 89.8 cikin ɗari. Kafin ka rubuta, leƙa cikin kaskon. Idan tokar fara ce fat, madalla. Idan akwai toka-toka a cikinta, akwai ƙarfen da bai ƙone ba, kuma ka auna shi a matsayin MgO alhali ba shi ba ne. Ka mayar wuta, ka huce, ka sake aunawa, har sai awo biyu a jere sun ba da lamba ɗaya.

Wanda zai fara ƙarewa

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan zan fi daɗewa.

Idan an ba ka adadin kayan haɗi biyu, kusan kullum ɗaya zai ƙare ya bar ɗayan. Wanda ya fara ƙarewa shi ke ƙayyade yawan abin da za a samu, ɗayan kuwa rara ne. Ka ɗauki kafinta da ke da saman tebur 10 da ƙafafu 28. Ƙafafu sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma kowane tebur huɗu yake ci, don haka tebur 7 kawai za su fito, saman tebur 3 su zauna jiran ƙafa. Abin da ya fi yawa a ƙidaya shi ne ya tsayar da aikin.

Haka abin yake a haɗin amoniya:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

A ce kana da giram 14.0 na naitirojin da giram 2.50 na haidirojin. Ɗalibi na farko zai ce haidirojin ne zai ƙare, tunda giram ɗinsa kaɗan ne. Ya dace da amsa, amma dalilinsa ba daidai ba ne, kuma gobe wannan dalilin zai kai shi rami. Na biyu zai mayar da su mol: naitirojin 14.0 ÷ 28.02 = 0.500, haidirojin 2.50 ÷ 2.016 = 1.240. Sai ya ce naitirojin ne zai ƙare, tunda mol ɗinsa kaɗan ne. Shi ya fi na farko tafiya, amma ya tsaya kafin a iso. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to a wannan wurin ido bai san komai ba, sai an raba.

Abin da ake yi shi ne a raba mol na kowanne da lambar gabansa a ikweshan:

naitirojin: 0.500 ÷ 1 = 0.500
haidirojin: 1.240 ÷ 3 = 0.413

Wanda ya ba da ƙaramar lamba shi ne mai ƙayyadewa. Haidirojin ne. Daga yanzu ka manta da giram 14.0 na naitirojin, duk lissafin amfanin takarda daga haidirojin zai tashi. Mol 3 na haidirojin na ba da mol 2 na amoniya, don haka 1.240 × 2 ÷ 3 = 0.827. Nauyin mol na NH₃ shi ne 14.01 + 3 × 1.008 = 17.03. Amfanin takarda: 0.827 × 17.03 = giram 14.1.

Idan wannan rabawar ba ta kwanta maka ba, akwai wata hanyar da ta fi tsawo amma ba ta ruɗi. Ka lissafa amoniyar da kowanne zai bayar shi kaɗai, kamar ɗayan ba ya ƙarewa. Naitirojin zai ba da mol 1.00, haidirojin zai ba da 0.827. Ka ɗauki ƙaramin. Ni wannan nake koya wa mai farawa, domin yana ganin ma'anar abin da idonsa, sai hannunsa ya faɗa ya koma gajerar.

Akwai kuma wata dubara da nake so kowa ya saba da ita, don tana kama kuskure ba tare da malami ba. Lissafa rarar. Naitirojin da aka ci mol 0.413 ne, saura 0.086, wato kimanin giram 2.4. Yanzu tara: amoniya 14.1 da ragowar naitirojin 2.4 sun ba da 16.5. Abin da ka zuba da farko, 14.0 da 2.50, shi ma 16.5. Sun haɗu. Da ka sami amfanin takarda da ya zarce jimillar kayan da ka zuba, ba sai an faɗa maka ba, akwai ɓaraka a lissafin, sai dai in wani kayan haɗin daga iska yake zuwa, kamar oksijin a gwajin magniziyam.

Idan ruwa-ruwa aka ba ka

Ba kullum ake auna kayan haɗi a sikeli ba. Idan sinadarin ruwa-ruwa ne tsantsa, ana ba ka mililita, sai ka ninka da nauyin kowane mililita ka sami giram. Idan narkakken sinadari ne, ana ba ka ƙarfinsa, wato mol nawa ke cikin lita ɗaya, sai ka ninka da lita. Ka kula, lita, ba mililita ba: mililita 50.0 lita 0.0500 ce. Mantuwa da wannan rabawar da 1000 ta ɓata amsoshi fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Mu koma kan giram 1.95 da muka fara da shi. Asfirin ne, maganin da Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer na Jamus a 1897, wanda har yau ɗalibai ke haɗawa a ɗakunan gwaje-gwaje. Ana haɗa salisilik asid da asetik anhaidirayid, da 'yan ɗigon asid mai ƙarfi don hanzarta aikin:

C₇H₆O₃ + C₄H₆O₃ → C₉H₈O₄ + CH₃COOH

An zuba giram 2.00 na salisilik asid, nauyin mol 138.12, wato mol 0.01448. An zuba mililita 5.0 na anhaidirayid, kowane mililita giram 1.08, jimilla giram 5.4, a raba da nauyin mol ɗinsa, 102.09, ya ba da mol 0.053. Ɗaya bisa ɗaya suke haɗuwa, don haka salisilik asid ne mai ƙayyadewa, kuma da gangan aka yi haka: ana zuba rarar anhaidirayid don a tabbata an cinye ɗayan, daga baya a zuba ruwa ya rushe rarar. 'Yan ɗigon asid ɗin nan ba sa shiga lissafi, domin ba a cinye su.

Nauyin mol na asfirin, C₉H₈O₄, 180.16 ne. Amfanin takarda: 0.01448 × 180.16 = giram 2.61.
Kason amfani: 1.95 ÷ 2.61 × 100 = 74.7.

Ga amsar tambayarmu ta farko. Ga ɗalibin da ya tace, ya wanke, ya sake narkar da kayan ya bar su suka sake daskarewa don su tsarkaka, kashi 75 cikin ɗari aiki ne mai kyau.

Kalma ɗaya kan taƙaita lamba. Kada ka datse tun a tsakiya. Da ka mayar da 0.01448 ya zama 0.01, amfanin takardarka zai faɗo zuwa 1.80, kasonka ya haura 108, alhali babu abin da ya faru a kofin gilashi. Bar lambobin a cikin kalkuleta har ƙarshe, sannan ka taƙaita daidai da awon da ya fi rauni a cikin waɗanda ka yi. Sikelin da ya ba ka lambobi uku ba zai haifi amsa mai lambobi bakwai ba.

Idan kaso ya wuce ɗari

Amfanin takarda rufi ne, ba a huda shi. Duk sanda ka ga 105 ko 120, abin da ke kan sikelinka ba shi kaɗai ba ne, ko kuma lissafinka ya karkace.

Ina ɗalibi na taɓa samun 112, kuma har yau ina tuna yadda abin ya kasance. An haɗa mililita 50.0 na bariyam kulorayid mai ƙarfin 0.200 da mililita 30.0 na sodiyam salfet mai ƙarfin 0.500. Ruwa biyu garau, suna haɗuwa sai kofin ya yi fari kamar an zuba alli:

BaCl₂ + Na₂SO₄ → BaSO₄ + 2NaCl

Mol na farko 0.0500 × 0.200 = 0.0100, na biyu 0.0300 × 0.500 = 0.0150. Bariyam ne mai ƙayyadewa, nauyin mol na BaSO₄ 233.4, amfanin takarda giram 2.33. Na tace, na ɗan shanya, na taɓa na ji kamar ya bushe, na auna na sami 2.61. Ruwa ne ya maƙale a tsakanin ƙwayoyin garin. Da aka mayar da shi tanda, aka fitar aka auna, aka sake mayarwa har nauyi ya daina sauka, sai ya tsaya a 2.21, kashi 94.7. Tun daga ranar ban ƙara yarda da yatsana a kan maganar bushewa ba. Bariyam kulorayid, af, guba ne, a sa safar hannu kuma kada a zuba ragowarsa a magudanar ruwa.

Danshi shi ne na farko a jerin waɗanda ake tuhuma. Na biyu shi ne mantawa da cire nauyin takardar tacewa ko na kasko. Na uku shi ne kayan haɗin da bai gama juyewa ba. Ka duba gasa farar ƙasa:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Giram 25.0 na CaCO₃, nauyin mol 100.09, ya kamata ya bar giram 14.0 na CaO, sauran 11.0 su tafi a matsayin iska. Wannan aikin yana son zafi mai tsanani, sama da digiri 800. Idan wutarka ba ta kai ba, za ka auna abin da ya rage ka sami 17 ko 18, ka ce ka zarce ɗari, alhali aikin bai kammala ba. A irin wannan gwajin, nauyi mai yawa alamar gazawa ce.

Na huɗu ya fi ɓoyewa, shi ne ruwan da ke cikin ginin kiristal kansa. Idan ka narkar da baƙin garin CuO a mililita 25.0 na salfurik asid mai ƙarfin 1.00, ka tace rarar garin, ka bar ruwan ya ƙafe a hankali, shuɗɗan kiristal ɗin da za su fito CuSO₄·5H₂O ne, kowane ɗaya da molekul biyar na ruwa a jikinsa. Nauyin mol ɗinsu 249.7. Wanda ya yi lissafi da CuSO₄ zalla, 159.6, zai sami amfanin takarda 3.99, kuma idan ya auna giram 5.00 zai ce ya sami 125. Lissafin gaskiya shi ne 0.0250 × 249.7 = 6.24, kaso 80.1. Ka tabbata abin da ka lissafa shi ne abin da ka auna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗalibin da ya ga 112 ya goge ya rubuta 92. Lambar nan da ya goge ita ce abu mafi amfani da gwajin ya ba shi, domin ita ce ke nuna masa inda hannunsa ke zamewa. Rahoton da ya ce an sami 112 saboda kayan bai bushe ba ya fi mini wanda ya ce 92 ba tare da bayani ba, kuma mai duba rahoto da ya daɗe a aikin yakan gane lambar da aka ƙera.

Ina sauran ke tafiya

Idan kaso ya yi ƙasa, kada ka tsaya a kan cewa kuskuren ɗan Adam ne. Wannan maganar ba ta bayyana komai ba. Bi sawun kayanka daga kofi zuwa kofi. Wani ya manne a bangon gilashi, wani a kan sandar juyawa, wani a takardar tacewa. Garin BaSO₄ yana da laushi sosai har yakan ratsa takarda, ka ga ruwan da ya tsiyaye ya yi gajimare. Asfirin yana ɗan narkewa a ruwa, shi ya sa ake wanke shi da ruwa mai sanyin ƙanƙara, kuma kaɗan. Duk tsarkakewa tana cin wani kaso, kuma wannan ciniki ne da aka yarda da shi: giram 1.95 mai tsabta ya fi 2.40 mai datti, musamman ga abin da za a sha.

Wani lokaci kayan haɗin su ne suke bin wata hanyar. Magniziyam mai ƙuna yana kama ɗan naitirojin daga iska ya ba da Mg₃N₂ a gefen MgO. Wani lokaci kuma kayan da ka fara da su ba tsantsa ba ne. Idan dutsen farar ƙasarka kashi 90 cikin ɗari ne CaCO₃, to a giram 25.0 akwai 22.5 kawai da za su yi aiki, kuma da 22.5 za ka fara lissafi.

Sai kuma haɗin da ba ya kaiwa ƙarshe ko da ka yi komai daidai, domin yana tafiya gaba yana komawa baya. Amoniya ce babban misali. Fritz Haber ya nuna hanyar haɗa ta a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita aikin masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau ta Jamus a 1913. Duk da matsi mai yawa da zafi sama da digiri 400 da ƙarfen da ke hanzarta aikin, kimanin kashi 15 cikin ɗari kawai ke juyewa a zagaye ɗaya. Abin da ake yi shi ne a sanyaya iskar, amoniya ta zama ruwa a ɗebe ta, a mayar da ragowar naitirojin da haidirojin su sake zagayawa, har jimillar ta haura kashi 95. Giram 14.1 da muka lissafa ɗazu yana nan a matsayin rufi, amma babu wanda zai kai shi a zubi ɗaya.

A haɗa magunguna, inda ake bin matakai da yawa, kason kowane mataki ninkawa ake yi da na gaba. Matakai biyar, kowanne kashi 90, sun ba da 0.9 × 0.9 × 0.9 × 0.9 × 0.9 = 0.59, kashi 59. Matakai goma a kan kashi 80 kuwa ba su kai kashi 11 ba. Shi ya sa mai wannan sana'a zai shafe watanni yana neman ɗaga mataki ɗaya daga 70 zuwa 85, ko ya sami hanyar da za ta rage matakai biyu.

Lissafi ta baya

A wurin aiki tambayar takan zo a juye. Ba a ce maka ga kaya, nawa za a samu. Cewa ake yi ana son kaza, nawa za a zuba. A ce ana buƙatar giram 10.0 na asfirin a hannu, kuma ka san hanyarka tana ba da kashi 75. Ka fara da nemo amfanin takardar da zai bar maka 10.0 bayan asara: 10.0 ÷ 0.75 = 13.3. Rabawa ake yi. Masu ninkawa da 0.75 suna samun 7.5, su zuba kayan da ba za su isa ba, kuma da sun tsaya sun tambayi kansu ko amfanin takarda zai iya zama ƙasa da na hannu, da sun gane.

Daga nan sai a bi hanyar da aka saba, amma daga dama zuwa hagu. Mol na asfirin: 13.33 ÷ 180.16 = 0.0740. Ɗaya bisa ɗaya ne, don haka mol 0.0740 na salisilik asid, a ninka da 138.12, giram 10.2. Anhaidirayid kuwa mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne 0.0740 × 102.09 = giram 7.55, kimanin mililita 7.0, amma za ka zuba fiye da haka don ya zama rara kamar yadda aka yi a ƙaramin gwajin.

Kashi 75 ɗin nan daga gwajin giram 2 ka samo shi, kuma babban kofi ba ya ɗumama ko hucewa kamar ƙarami, tacewa ma takan ɗauki lokaci daban. Ka ƙara ɗan abu a kan 10.2, ka rubuta ainihin abin da ka auna a littafinka kafin ka zuba, sannan ka sake lissafa amfanin takarda daga wannan sabuwar lambar.